Yadda ake zaɓar iskar taya ga tirelar da aka yi wa lodi

Idan ka tsaya wajen mai faci da tirela a bayan mota, abin da zai fara tambayarka shi ne, "Alhaji, nawa za a sa?" Mutane da yawa ba su da amsa, sai su ce ya sa yadda ya saba. Shi kuwa abin da ya saba shi ne 40 ko 50, wani ma sifana zai ɗauka ya bugi tayar, ya saurari ƙararta, ya ce ta yi. A tayar da za ta ɗan zaga gari babu kaya, sau da yawa akan wuce lafiya da wannan. A tirelar da aka danƙara wa kaya za a hau doguwar hanya da ita, ba a wucewa.

Tirelar da nake nufi ba babbar ta 'yan dakon siminti ba ce. Ƙaramar ce da ake maƙala wa mota a baya, musamman irin ta tafi-da-gidanka da ake yawo da ita a Amurka, Kanada da Turai, wadda ke da gado da kicin da bayi a ciki. Yawancin alƙaluman da zan kawo daga tayoyin irin wannan tirela suke. Amma lissafin bai bambanta ba ga wanda ke jan tankin ruwa, ko janareto, ko kayan sauti a bayan a-kori-kura a ƙasashenmu. Iskar da ke cikin taya ita ke ɗaukar nauyi, robar riƙe iskar kawai take yi, saboda haka nauyin kayanka ne zai gaya maka yawan iskar da za a sa.

Me ke faruwa idan iska ta yi kaɗan

Taya mai ƙarancin iska tana lotsawa a inda ta taɓa ƙasa, ta miƙe idan ta juyo sama, ta sake lotsawa, sau ɗaruruwa a kowane minti. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya don ya tsinke ta ya san yadda wurin ke ɗaukar zafi kafin ya karye. Haka gefen taya yake yi. Zafin yana raunana haɗin da ke tsakanin roba da wayoyin ƙarfen da ke ciki, har bayan tayar ya ɓare gaba ɗaya ana cikin gudu. A shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi kusan miliyan 6.5 a Amurka saboda irin wannan ɓarewa, galibi a motocin Ford Explorer, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da aka yi ta jayayya a kai shi ne iskar psi 26 da aka rubuta wa motar (psi ma'aunin ƙarfin iskar taya ne). Bayan wannan ne aka wajabta wa sababbin ƙananan motoci a Amurka na'urar da ke gargaɗin direba idan iska ta ragu.

Abin ya fi muni a tirela saboda ba a cikinta kake zaune ba. Tayar mota idan ta yi laushi za ka ji a sitiyari. Ta tirela kuwa, musamman mai aksul biyu, tana iya sacewa sarai kana ta tafiya, 'yar'uwarta tana ɗauke da nauyin biyu, sai wani direba ya zo wucewa yana yi maka hon yana nuna baya.

Iskar da ta yi yawa ma tana da nata aibin: tirela ta riƙa tsalle, tsakiyar taya ta cinye da wuri, kwanuka su zube daga kabad. Amma asarar da wannan ke jawowa ba ta kai ta ƙarancin iska ba, in dai ba a haura iyakar da aka rubuta ba.

Fara da karanta abin da aka rubuta

Wurare biyu za ka duba kafin ka taɓa bawul. Na farko shi ne allon ƙarfe ko takardar da kamfani ya manna a jikin tirelar. A tirelolin Amurka tana gefen hagu ta wajen gaba. Za ka ga girman tayar da aka ƙera tirelar da ita, da iskar da aka ce a sa, da wasu lambobi biyu: GVWR, wato iyakar nauyin tirelar duka da kayanta, da GAWR, iyakar abin da kowane aksul zai ɗauka.

Na biyu shi ne gefen tayar kanta. Ka durƙusa, ka goge ƙurar da tsumma mai laima, domin rubutun ƙanana ne kuma baƙi a kan baƙi. Kusa da bakin rim akwai layin da ya fara da MAX LOAD, sai nauyi a kilo da fam, sai iska a psi ko kPa, ya ƙare da COLD. Ma'anarsa: wannan taya za ta ɗauki wannan nauyi ne kaɗai idan an sa mata wannan iska tana sanyi. Idan iskar ta gaza haka, nauyin da za ta iya ɗauka ma ya ragu.

Tayoyin da aka yi musamman don tirela lambarsu na farawa da ST, misali ST225/75R15. Suna da aji da ake nunawa da harafi: C iyakarta psi 50, D iyakarta 65, E iyakarta 80. A wannan girman, D na ɗaukar kilo 1,150, E kuma kilo 1,285. A ƙasashenmu an fi samun tayar bas mai C a ƙarshen lamba, irin 195R14C mai lambar ƙarfin ɗaukar kaya 106/104, wadda ke ɗaukar kilo 950 a psi 65. Kada ka rikita C ɗin nan da wancan. Wannan alamar tayar motar kasuwanci ce. Idan gejinka ba ma'auni ɗaya yake ba da rubutun tayar, bar 1 daidai yake da kPa 100, daidai da psi 14.5. Ke nan psi 65 shi ne bar 4.5.

Idan tayoyin da ke ƙarƙashin tirelar ba irin waɗanda allon ya ambata ba ne, lambar allon ba ta da amfani a gare ka. Wannan ya zama ruwan dare a tirelar da aka saya hannu na biyu, ko wadda mai walda ya haɗa babu allo ko kaɗan. A nan gefen taya da sikeli ne kaɗai abin dogaronka. Sannan duk wanda ya ɗaura wa tirela tayar ƙaramar mota, ya raba nauyin da aka rubuta mata da 1.1, domin ba a yi ta don wannan aiki ba: mai kilo 690 ta koma kusan 627.

Auna tirelar da kayanta

Wannan ne matakin da kowa ke tsallakewa, kuma shi ne ginshiƙin aikin. Nauyin da kamfani ya rubuta na tirela ba komai a cikinta ne. Kai kuma ka zuba ruwa a tanki, kowace lita kilo ɗaya ce, ka ɗora tukunyar gas, batura, janareto, buhun shinkafa, akwatunan iyali. Babu wanda idonsa ke iya ƙiyasta jimillar wannan daidai, kuma kuskuren kullum ta gefen raina nauyin yake faɗawa.

Ka loda tirelar kamar yadda za ka yi tafiya da ita, ka kai ta kan sikelin auna motoci. A Amurka akwai sikelin CAT a yawancin manyan tashoshin direbobin tirela, yana ba ka nauyin gaban mota, na bayanta, da na tayoyin tirela, kowanne daban a takarda ɗaya. A wajenmu kamfanonin casar shinkafa, masu sayen hatsi da masu fasa dutse suna da irin wannan sikeli, kuma da ɗan abin da za ka biya sukan bari ka hau. Ka bar tirelar a maƙale da mota, ka ja har sai tayoyin tirelar ne kaɗai ke kan sikelin. Wannan lambar kake nema, domin wani kaso na nauyin, wajen kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari idan an yi lodin daidai, yana kan ƙugiyar mota ne, ba kan tayoyin tirela ba.

In akwai fili a gefen sikelin, ka sake hawa da tayoyin ɓangare ɗaya kawai, ka cire abin da ya nuna daga jimilla don sanin ɗaya ɓangaren. Tirela ba ta cika daidaita hagu da dama ba. Gefen da firji da kicin suke yakan fi nauyi. In babu halin yin haka, ka raba jimillar da yawan tayoyi, ka ƙara kashi 10 cikin ɗari a madadin wannan karkata.

In kuwa babu sikeli ko kusa, sai ka zauna da biro ka tara: nauyin tirelar kanta, buhun siminti kilo 50, buhun masara wajen kilo 100, ruwa lita da kilo. Duk inda ka yi shakka ka ɗauki lamba mafi girma.

Lissafin

Kamfanonin taya irin su Goodyear da Maxxis suna wallafa jadawalin da ke nuna nauyin da kowane girman taya ke ɗauka a kowace iska, kuma ana samunsa a intanet da lambar tayar. Ga ST225/75R15, jadawalin ya ce kilo 975 a psi 50, wajen 1,080 a psi 60, 1,150 a psi 65, sai 1,285 a psi 80 ga mai ajin E.

A ce tirelarka mai aksul biyu ce, taya huɗu ajin D, sikeli ya nuna kilo 3,600 a kansu. Kowace taya 900 ke nan. Ka ƙara kashi 10 na karkata, ya zama 990. Tun a nan psi 50 ta faɗi, ga shi kuwa ita ce mai faci zai so ya sa. To ba a so taya ta yi aiki a ƙarshen ƙarfinta, sai an bar mata rara, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, saboda ramuka, iskar gefe da ke tura nauyi ɓangare ɗaya, da ɗan sacewar da ba ka lura da ita ba. Da rarar kashi 10 ka kai wajen 1,090. Psi 60 ma ba ta kai ba. Amsarka 65 ce, wato iyakar tayar.

Sau da yawa nan lissafin ke ƙarewa, shi ya sa masu ƙera tirela da yawa ke rubuta iyakar tayar a allonsu kai tsaye. A tirela mai aksul biyu ni ma ra'ayina ke nan ko da jadawali ya ba da damar ragewa: ka sa iskar da ke rubuce a gefen tayar. Ka tsaya ka kalli irin wannan tirela tana shan kwana a ƙuntataccen wuri, za ka ga tayoyin gaba da na baya suna murɗewa, ɗaya ta karkata ciki ɗaya waje, ana jan su a kaikaice a kan kwalta. Taya mai cikakkiyar iska ta fi jure wannan murɗiya. Tirela mai aksul ɗaya wadda kayanta ba su kai rabin ƙarfin tayoyin ba, ita ce za a iya rage wa iska don ta daina tsalle, amma da jadawali a hannu, kuma ba ƙasa da abin da allon kamfani ya ce ba.

Duk tayoyin da ke kan aksul ɗaya iska ɗaya ake sa musu, ta wadda ta fi ɗaukar nauyi. Ba a sa wa hagu 65 dama 55 don an ga dama ta fi sauƙin kaya.

Akwai lokacin da lissafin zai nuna maka abin da ba ka so. Ɗauki tirela mai aksul ɗaya da taya biyu 195R14C, nauyinta kilo 350. Da tankin ruwa na lita 1,000 kowace taya na ɗauke da ɗan abin da ya haura kilo 600, akwai sarari sosai. Ɗora mata buhun siminti 40 a maimakon tankin, jimilla ta zama 2,350. Ko an cire kashi 10 na kason ƙugiya, kowace taya na ɗauke da fiye da kilo 1,050, ga iyakarta 950. Babu iskar da za ta gyara wannan. Ƙara iska ta haura abin da aka rubuta ba ya ƙara wa taya ƙarfi, sai dai a sauke buhu ko a yi sawu biyu.

Wasu sukan sauya taya daga D zuwa E don samun rara, kuma dabara ce mai kyau in an fahimce ta. Tayar E da aka sa wa psi 65 nauyin D kawai take ɗauka. Sai ta sha 80 take ba da ƙarin. Kafin ka kai ta 80 kuwa ka duba bayan rim, shi ma yana da iyakarsa a rubuce, ka kuma sauya bawul, domin na roba da aka saba sawa an yi shi ne don psi 65 zuwa ƙasa. Na ƙarfe mai noti ya fi. Aksul ɗinka kuma yana nan a iyakarsa ta da.

Sa iskar

Da sassafe ake yin wannan aiki, kafin tirela ta motsa kuma kafin rana ta bugi gefe ɗaya. Taya mai sanyi ita ce wadda ta yi aƙalla awa uku a tsaye, ko ba ta yi tafiyar da ta wuce kilomita ɗaya da rabi ba. Idan mai facinka yana da nisa, ka auna a gida tukuna ka rubuta abin da kowace taya ta rasa. Ka ce ta nuna 58 kana son 65, ta rasa 7. Da ka isa, ko nawa ta nuna, a ƙara mata 7 a kai. Washegari da safe ka sake dubawa.

Ka mallaki gejinka. Na wajen masu faci ya sha faɗuwa ƙasa da ƙura da rana, kuma ba wuya ka ga biyu a titi ɗaya sun ba ka lamba daban-daban a taya guda. Ka sayi wanda ke kaiwa psi 100, domin ƙaramin nan mai kama da biro da yawa a 50 yake tsayawa. Ba rashin kunya ba ne ka ce, "Malam, don Allah bari mu gwada da nawa." Ka danna shi a bawul sosai har sai hucin iska ya ɗauke, sannan ka karanta. In an gama, ka ɗiga ruwan sabulu a bakin bawul. Kumfa na tashi, ƙwayar ciki na yoyo. Ka mayar da murfin. Safaya ma a cika ta zuwa iyakarta, tunda rage iska a bakin hanya ya fi neman ta sauƙi.

Motar da ke ja tana da nata hukunci daban. Ita ba lambar gefen taya ake bi ba, takardar da ke jikin ƙofar direba ake bi. Motocin Turai da Japan da yawa suna nuna lamba biyu a wurin, ta tafiyar yau da kullum da ta cikakken lodi. Ta cikakken lodi za ka sa, musamman a tayoyin baya da nauyin ƙugiya ke dannewa. Tayar baya mai laushi na cikin abubuwan da ke sa tirela ta fara lilo.

A kan hanya

Bayan tafiyar awa ɗaya, tayar da ka sa wa 65 tana iya nuna 72 ko 75. Haka ya kamata, kuma masu ƙera ta sun yi lissafin wannan. Kada ka rage. Akwai direbobin da idan rana ta take sukan tsaya su sassauta iska wai kada taya ta fashe, alhali abin da suka yi shi ne ƙara mata lotsawa, lotsawar ta ƙara zafi. Da dare ya yi ta huce, sai a wayi gari da taya mai ƙarancin iska a ƙarƙashin cikakken lodi.

Yanayi ma na taɓa lambar. A tayar psi 65, bambancin digiri 20 na ma'aunin Salsiyas yana kawo sauyin wajen psi 5. Wanda ya sa iska da tsakar ranar bazara a Sakkwato ya kwana a Jos, zai ga ta ragu da safe ba tare da ƙusa ta taɓa ta ba. Haka wanda ya baro Arizona ya hau tsaunukan Kolorado. Kowace safiya ta tafiya a auna, a mayar da ita lambar da lissafi ya bayar. Ko tirela na ajiye, taya kan rasa psi ɗaya zuwa biyu a wata.

Duk inda ka tsaya shan mai ko salla, ka zaga ka kai bayan hannunka kusa da kowace taya da tsakiyar rim. Ba zafin kansa kake nema ba, bambanci kake nema. Idan uku sun yi ɗumi ɗaya ta yi zau, ko iskarta ta ragu, ko birki na kamawa, ko boris ya fara ci. Tayar da ka tarar ta yi tafiya da lodi bayan ta rasa kashi 20 cikin ɗari na iskarta, misali 52 maimakon 65, ba a cika ta kawai a wuce. A cire ta daga rim a duba cikinta. Haka idan ɗaya ta fashe a aksul biyu, maƙwabciyarta ta gefe ɗaya ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta, ita ma abar zargi ce. Akwai ƙananan na'urori da ake murɗawa a kan bawul suna aiko da iska da zafin kowace taya zuwa allo a gaban direba. Ga mai yawan doguwar tafiya sun cancanci kuɗinsu, amma da bawul na ƙarfe.

Gudu ma yana cikin lissafin. Tayar ST da ba a rubuta mata wata alamar gudu ba, iyakarta mil 65 a awa, wajen kilomita 105. Sababbi da yawa an ɗaga musu, amma sai ka ga harafin alamar gudun a jikinta.

Abin da zanen taya da shekarunta ke faɗa

Bayan 'yan watanni zanen tayar zai nuna ko zaɓinka ya yi daidai. Gefe biyu sun cinye tsakiya na nan, iska ta yi kaɗan. Tsakiya ta cinye gefuna na nan, ta yi yawa ga nauyin. Gefe ɗaya kaɗai ya cinye, wannan ba maganar iska ba ce, aksul ne ya lanƙwashe ko ya goce, sai a kai wa bakanike.

Tayar tirela ba ta cika suɗewa ba, tsufa ke kashe ta tana tsaye a rana. A gefen taya, a ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Kamfanin taya na Michelin na ba da shawarar a riƙa kai taya ƙwararre ya duba ta kowace shekara da zarar ta yi shekara biyar ana aiki da ita, a kuma cire ta in ta kai goma komai kyan zanenta. A tirelar da ke ɗaukar lodi a ƙasa mai zafi ba zan jira goma ba. Da ta haura biyar, ko ƙananan tsaga suka bayyana a gefenta, ta gama. Tayar gwanjo kuwa lambar DOT za ta gaya maka shekarunta, amma ba za ta gaya maka sau nawa aka ja ta babu iska ba, don haka nauyin da ke rubuce a gefenta ba abin da za ka gina lissafin lodi a kai ba ne.